Ajin maganar hannu na jarirai a Maradi: inda na yaba da inda ban yarda ba

Salamu alaikum ƴan uwa mata. Tun da na sa ɗan bidiyon Nana a WhatsApp tana dunƙule hannu tana buɗewa wai nono take so, saƙonni suka yi mani yawa, wasu na tambaya ina ake koyon abin, nawa ake biya, wasu kuma suna tambaya a kaikaice wai ko dai ɗiyar lafiya take. To lafiyarta lau alhamdulillahi, tana ji ras, ko ledar biskit aka taɓa a zaure sai ta waiwayo. Wani aji ne muke zuwa da ake koya wa uwaye yadda za su yi magana da jarirai da hannu tun bakinsu bai buɗe ba, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da amsa ɗaya bayan ɗaya.

Wata mata ce take yin shi a gidanta can wajen Ali Dan Sofo, ta daɗe tana koyar da yara kurame kafin ta aje aikin, kowa Madam yake ce mata. Ranar Asabar da safe ake zama, a rubuce ƙarfe 9 ne amma in kin je 9 ɗin ke za ki taya su shimfiɗa tabarmi. A tsakar gida ake yi ƙarƙashin dogon yaro, uwaye a zagaye kowa da ɗanta a cinya. Jikka 5 a wata, sai wasu katuna masu hoto da ake sayarwa daban jikka 2, sannan a sa ki a gurup. Tana karɓar yara daga wata 6 har wajen shekara ɗaya da rabi.

In gajarce maku tun daga nan: in abin da kike so shi ne ki rage canki-canki, ɗa na kuka ke kina ta laluben ko yunwa ce ko ƙishi ko barci, to ajin ya ci kuɗɗinshi. In kuma don abin da aka rubuta a takardar talla za ki je, wai ɗanki zai yi magana da wuri kuma ya fi sa'o'inshi ƙwaƙwalwa a lakwal, riƙe jikkarki 5 ki sai mashi ƙwai da ayaba.

Yadda take koyarwa ba wuya, kuma nan ne na fi yaba mata don ba ta cika muna kai da surutu. Ta ce yaro yana gane abu tun kafin ya iya faɗarshi, kuma hannunshi yana riga harshenshi nuna, shi ya sa za ki ga ɗan wata 9 ko 10 yana ɗaga hannu a ɗauke shi, yana tafi, yana baibai, yana nuna abu da yatsa, alhali kalmar farko sai wajen shekara ɗaya take fitowa, haɗa kalma biyu kuwa sai an doshi shekara 2. Wanga tsakani da yake so ya faɗa bakin ya ƙi, shi ne lokacin kuka da birgima da jefar da kofi. To sai ki ba shi ƴan alamu kaɗan ya riƙe. Ƙa'idarta uku ce kuma tana maimaita su har sai kin gaji: ki yi alamar daidai lokacin da abin yake faruwa, ki faɗi kalmar da baki duk sanda kika yi alamar, kuma ki tabbata idonshi na kanki. Ba a yin alama shiru. In kika yi shiru sai ta ce "Maman Nana ina bakinki? Ɗiyarki tana ji fa, ba hannu kaɗai za ki ba ta ba."

Da uku ta sa muka fara, nono, abinci, ƙari. Ta nono ita ce dunƙule hannu da buɗewa kamar Bafulatana na tatsar saniya, ta abinci haɗa yatsu a kai baki wadda ko ba aji duk mun san ta, ta ƙari kuma a tsuke yatsun hannu biyu a riƙa gwara kawunansu. Sai da waɗannan suka zauna ta ƙara muna ruwa, barci, wanka, ya ƙare, da ciwo. Ta hana mu haɗama, wata a cikinmu ta zo da jerin alamu kusan cikin shafi ta samo a YouTube har da raƙumin dawa da jirgin ƙasa, Madam ta ce mata yaushe ɗanki ya ga raƙumin dawa a Maradi, koya mashi akuya.

Sai haƙuri fa. Mun fara Nana na wata 7, na yi ta yi tana kallona tana dariya kawai, har Baban Nana ya fara tsokanata wai na biya kuɗɗi a koya mani rawar hannu, sai da ta kusa wata 10 rannan ina tankaɗe tana zaune a tabarma na ga ta miƙo hannu tana dunƙulewa tana buɗewa tana kallon ƙirjina, babu kuka babu komi. Kuma kar ki sa ran za ta yi shi tsaf yadda aka nuna, ƙarin Nana tafi ne kawai take yi da dunƙulallen hannu, kuma da ta gane yana aiki sai ta maida shi maganin komi, ƙarin kunu, ƙarin wasa, ƙarin lilo, har in Babanta ya tada babur sai ta yi mashi ƙari wai a sake zagayawa da ita.

Yanzu katunan nan. Wallahi kar ki saya. Hoto ne aka ciro daga intanet aka buga aka yi mashi leda, jariran Turawa a doguwar kujerar cin abinci, da tuffa, da kare kwance a kan gado, an dai rubuta Faransanci a ƙasa da bik. Alamun ciki na kuramen Amurka ne, wasu sun dace da mu wasu ko kusa. Ta ruwa misali yatsu uku ake miƙewa a taɓa haɓa, don harafin farko na sunan ruwa a Turancin Ingilishi ke nan, to mi ya haɗa ɗiyata da wanga harafi, kuma wane ɗan wata 10 ne zai iya ware yatsu uku. A aji Madam da kanta ta canza ta, ta ce mu lanƙwasa hannu mu kai baki irin na mai shan ruwa, amma katin na nan yadda yake ana ta sayarwa.

Wadda ta fi ba ni haushi da dariya ita ce ta "ya ƙare". A katin, hannu biyu ake warewa yatsu a buɗe sai a juya tafin ya kalli mutum. Ku da kanku ku gwada yanzu ku gani mi ke nan a wurinmu. Daƙuwa ce tsaf, da hannu biyu ma. Madam ta faɗa a aji cewa mu bar waccan mu riƙa kakkaɓe tafin hannu ɗaya da ɗaya yadda muke yi in abu ya ƙare, ni haka nake yi, ashe ƙanwar maigida da take taya ni raino in ta dawo lakwal katin take bi. Rannan mun je gaida su Alhaji, surukina, ya ɗora Nana a cinya yana ba ta kunun gyaɗa da ludayi yana ce mata amarya, ta sha ta ƙoshi, ya sake miƙa mata, sai yarinyar nan ta ɗago hannu biyu ta watsa mashi yatsu goma a fuska. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Allah ya sa wasan kaka da jika ne, ya yi ta dariya har da tari yana cewa "Hajiya zo ki gani, yau amarya ta sallame ni da hannu bibbiyu." To da baƙo ne fa, ko liman? Na gaya wa Madam, ta yi dariya ta ce za a gyara katin, har yau da nake rubutun nan yana nan a kan tebur ana sayarwa.

Akwai kuma abin da duk bidiyoyin Turawan nan ba su sani ba, goyo. Su ɗansu na gabansu a kujera ko a keke yana kallon fuskarsu, mu namu rabin yini yana baya, kina daka, kina wanki, kina kasuwa, ta ina zai ga hannunki, ke ma ta ina za ki ga nashi. Wanga tambaya wata mai sayar da ƙosai ta yi a zaman farko kuma amsar Madam ta gamsar da ni, ta ce kar ki canza rayuwarki don aji, ki zaɓi lokutan da dole kuna fuskantar juna, shan nono, wanka, ba da kunu, canza kamfai, sun isa. Ta ce kuma mu koya wa duk mai ɗaukar yaron, yayye, ƴar raino, kaka, kishiya in ana shiri, don a gidajenmu ɗa ba na hannun mutum ɗaya ba ne. Gaskiyarta, a gidanmu yayyen Nana su suka fi ni naci, sun maida abin wasa, su ne ma suka ƙirƙiro mata alamar kaza da ta fanka da babu su a ko'ina.

Hajiya surukata ita kam da farko ba ta so ba ko kaɗan. Ta kira ni gefe ta ce "Ke Maman Nana, ɗiya da bakinta da kunnenta za ku maida ta bebiya? In ta saba da hannu mi zai sa ta wahalar da baki?" Kuma na san da yawa cikin masu karanta wanga rubutu tambayar da ke ransu ke nan. Ni ma ta tsaya mani, shi ne na sa ƙanena da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya bincika mani asalin abin, ya zo ya zauna ya warware mani.

A Amurka aka faro shi wajen shekarun 1980. Akwai wani Joseph Garcia, tafintan kurame ne, ya lura ƴaƴan abokanshi kurame, waɗanda su yaran suna ji, suna fara isar da buƙatarsu da hannu tun kafin sa'o'insu su fara magana. Akwai kuma wasu malaman jami'a mata biyu a Kalifoniya, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, su suka fi yaɗa shi, a 2000 suka fitar da bincike kan yara 103 da aka fara bi tun suna wata 11, suka ce waɗanda aka koya wa alamu sun ɗan yi gaba a magana. Daga nan duk masu talla suke ɗauko zancensu. Amma a 2005 wasu masana a Kanada sun tattara bincike 17 da aka yi kan batun suka duba, suka ce hujjar ba ta kai a ce yana sa magana da wuri ba. Sai a 2013 wata Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Ingila suka bi jarirai 40 daga wata 8 zuwa wata 20, suka tarar waɗanda aka koya wa alamu ba su riga sauran magana ba, ba su kuma makara ba, bambancin da aka gani a wurin uwayen ne, sun fi lura da motsin ɗansu da abin da yake nufi.

To kun ji. Tsoron Hajiya bai tabbata ba, alƙawarin takardar talla ma bai tabbata ba. Kuma abin da Turawan Ingilan nan suka gani shi na gani a kaina, ajin ni ya canza fiye da Nana, da can in ta yi ƙorafi nono kawai nake cusa mata in ci gaba da aikina, yanzu sai na tsaya na kalle ta tukuna. Ita kuma da bakin ya fara buɗewa da kanta ta riƙa yar da alamun, ranar da ta iya cewa "uwa" wai ruwa, ba ta sake kai hannu baki ba sai in tana cikin kuka. Na faɗa wa Madam zancen tallar nan gaba da gaba, ta ce ɗanta ne ya rubuta don a jawo mutane. To a cire mana, abin da kike yi ya isa ya jawo mutane ba sai an ƙara gishiri ba, kuma akwai matan da wanga alƙawari ne ya sa suka matse cefane suka biya.

Alamar ciwo ita ce ta fi wuya, yatsun nuni biyu ake haɗa kawunansu kusa da inda ke ciwon, kuma yawancin yaran ajinmu ba su kama ta ba sai da suka wuce shekara, wasu ma har suka bari ba su yi ba. Madam ta ce duk sanda ya faɗi ko ya buge ko aka yi mashi allurar rigakafi ki yi alamar a wurin ki ce ciwo. Nana ta haura shekara da kaɗan wani dare ta tashi da kuka jiki da ɗumi, na ɗauka haƙori ne, na kunna tocilan waya ina dubata sai na ga tana gwara yatsu tana kai su gefen kai, ta yi ta sake yi tana kallona hawaye shaɓe-shaɓe. Da safe muka tahi likita aka haska kunnen aka ce ya kumbura ciki, aka rubuta magani. Ba na cewa ba don alamar ba da ba a gano ba, zazzaɓin kaɗai zai kai mu, amma na shiga wurin likita da abin faɗa a bakina maimakon "kuka dai take yi."

Wani abu da babu shi a talla amma ni a wurina ya fi komi daraja: Madam ta san kunne. Duk sabon yaro sai ta zagaya bayanshi yana wasa ta buga cokali a tasa ko ta kira sunanshi ta ga ko zai waiwayo, ta tambayi uwar ko yana gwalan-gwalan ɗin nan na ba-ba-ba da da-da-da, ko ya taɓa sanƙarau ko ƙyanda ko kunne mai ruwa. Ba ta cewa ɗanki kurma ne, ta ce ita ba likita ba ce, amma na ga ta ja wata gefe a hankali ta ce ta kai nata a auna. Mu da muke cikin ƙasar da sanƙarau ke zagayowa duk bazara kuma yana cikin manyan abin da ke kashe wa yara kunne, ga shi yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne ba su taɓa tunanin abin ba sai ɗa ya shekara 3 ana ta cewa nauyin baki ne irin na dangin ubanshi, wanga dubawa kaɗai ta isa a je. Ta kuma ja muna kunne cewa in yaro ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, kar mu ce ai yana alama ya isa, a kai shi a duba.

Tana da mataimakiya, wata budurwa kurma cikin ɗalibanta na da, mai ƙunshi ce a unguwar. Ranar da ta zo ajin daban yake, yara ba sa ɗauke ido daga kanta don ita da fuska duka take magana, gira, kumatu, kafaɗa, in ta yi alamar barci kai kanka sai ka ji hamma. A wurinta na gane ashe maganar hannun ma kala-kala ce. Wadda ta koya a lakwal ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hanyar wani baƙar fatar Amurka kurma, Andrew Foster, da ya fara buɗe makarantun kurame a Afirka daga Gana a 1957 har suka haura 30, aka daidaita ta da Faransanci a ƙasashenmu. Wadda kuramenmu na kasuwa da tasha suke yi kuwa tamu ce ta gado, a Kano har wata Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna da su ta yi nazarinta. To tunda muna da tamu, kuma kowa a gida yana ɗan gane ta har Hajiya, mi ya sa za a fara da katin Amurka? Da ni ce Madam, da budurwar nan zan ɗauka hoto tana yin alamun da muka sani in buga, kuma in riƙa biyanta ta zo kowane sati, ba sai ranar da ba ta da masu ƙunshi ba.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Mutane sun fara yawa, in aka cika na baya ba sa ganin hannunta, ga rana in ta ɗago inuwar dogon yaron ba ta isar kowa, yara su fara kuka a tare sai dai a tashi. Gurup ɗin kuma ya zama kasuwa, tallar atamfa, turaren wuta, kayan mata, adashi, bidiyon darasi ɗaya sai kin haƙa kafin ki same shi kuma nauyi gare shi yana cinye mega. Sai gasa, wance ɗanta ya iya alama kaza, wance ta saka bidiyo, har wata ta bar zuwa don nata bai fara ba tana jin kunya alhali lafiyarshi lau, watanshi 9 kacal. Kuma na ga masu miƙa wa jariri waya wai ya kalli bidiyon ya koya da kanshi. Bidiyon naki ne ke uwa, hukumar lafiya ta duniya OMS tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam, Madam ta faɗa sau ɗaya amma ya kamata ta riƙa nanatawa.

Jikka 5 ba ƙaramin abu ba ne a Maradin yanzu, ga kuɗɗin adaidaita zuwa da dawowa don ni ba na hawa kabu-kabu da goyo. Shawarata ki biya wata ɗaya kawai, abin da za ki koya bai wuce nan ba, saura naci ne a gida. Ki tahi da mai taya ki raino ta gani da idonta, Madam ba ta karɓar kuɗɗin mutum na biyu. Ki riƙe ruwan sha da zanen shimfiɗa na daban don tabarmin ba sa isa, ki zauna gaba, ki tambaya tun kafin ki biya wace Asabar ce budurwar nan za ta zo. In kuwa kuna da maƙwabciya da ta riga ta yi ajin, alamu takwas ɗin nan za ta iya nuna maki su a zama ɗaya kuna tsinken zogale, sai ki kai yaron wurin Madam don duba kunnen kawai, wanga kam kyauta take yi.